Malamin Turanci da ya karya dokar biza: zai sake samun izinin aiki?

Nura:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka san dokokin shige da fice na ƙasashen Asiya su warware mana wannan. A ce malamin Turanci ya shiga Sin da bizar kasuwanci, domin makarantar ta yi masa alkawarin za ta mayar da ita ta aiki bayan ya iso. Yana cikin koyarwa 'yan sanda suka shigo makarantar, aka ci shi tara, aka ce ya bar ƙasar. Yanzu wata makarantar daban tana son ɗaukarsa da cikakkun takardu. Za a ba shi bizar Z, wato bizar aiki ta Sin, kuwa? In Sin ta rufe masa ƙofa, Koriya ko Japan ko Tailan za su san abin da ya faru?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malam Nura. Kafin kowa ya ce e ko a'a, sai an san wace takarda aka miƙa masa ranar da aka sallame shi. "An ce ya bar ƙasar" magana ce da ta rufe abubuwa uku a dokar shige da fice ta Sin, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2013.

Na farko shi ne umarnin fita cikin wa'adi, a takarda za a ga xianqi chujing. An soke masa biza, an ba shi 'yan kwanaki ya tattara kayansa ya fita da ƙafarsa. Dokar ba ta ɗora wa wannan wasu ƙayyadaddun shekaru na haramcin shiga ba. Na biyu qiansong chujing, wato hukuma ce ta raka shi har jirgi, kuma sashe na 62 ya ce ana iya hana shi shiga daga shekara 1 zuwa 5. Na uku quzhu chujing, kora ke nan ta gaske a ƙarƙashin sashe na 81: shekara 10, kuma hukuncin Ma'aikatar Tsaron Jama'a a kan wannan shi ne na ƙarshe.

Tarar ita kanta tana sashe na 80. Wanda ya yi aiki ba izini yana biyan yuan 5,000 zuwa 20,000, in abin ya yi tsanani a haɗa masa da tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Makarantar tana biyan yuan 10,000 a kan kowane mutum, iyakarta 100,000. To ya ɗauko takardar hukuncin da 'yan sanda suka sa shi ya sa wa hannu, ya kai wa wanda ya iya Sinanci ya karanta masa layi-layi. Amsar tambayarka tana ciki.

Nura:
Na gode, Malam. In ta farko ce fa, ke nan hanya a buɗe take?

Malam Habibu:
A takarda a buɗe take, amma kada ya sa rai da yawa. Izinin aiki sai ya bi ta hannu uku: ofishin da ke ba baƙi izinin aiki a birnin, ofishin jakadanci mai buga biza, sannan sashen shige da fice na 'yan sanda wanda ke mayar da bizar Z katin zama cikin kwana 30 da isowa. Kowane ɗayansu yana iya ƙi, kuma dokar ta ba ofishin jakadanci damar ƙin ba da biza ba tare da ya faɗi dalili ba. Mafi ciwo shi ne na biyun farko su amince, mutum ya sayi tikiti ya iso, na ukun ya buɗe fayil ya ga hukuncin baya ya ƙi. Shi ya sa ya kamata sabuwar makarantar ta je sashen shige da fice na birninta da lambar fasfonsa da kwafin takardar hukuncin, ta tambaya tun kafin a fara kashe kuɗin tantance digiri.

Hajiya Rabi:
Bari in ƙara kan abin da Malam Habibu ya faɗa, domin mutane da yawa suna zaton sai wanda ya shiga da bizar yawon buɗe ido ko ta kasuwanci ne ke faɗawa wannan ramin. Sashe na 43 ya lissafa wanda ya yi aiki a wajen iyakar da izininsa ya zayyana. Malami yana da katin zama sahihi, amma an rubuta sunan reshe ɗaya, makarantar ta tura shi wani reshen a wata gunduma ranar Asabar. Ko an nema masa izini a matsayin manajan talla saboda kamfanin ba shi da lasisin ɗaukar malamai baƙi, alhali a aji yake yini. Ko dillali ne sunansa ke kan izinin, makaranta daban ce ke amfani da shi. Duk waɗannan aiki ba izini ne a idon doka, tararsu ɗaya da ta wanda bai da takarda ko guda. Abin ya ƙaru bayan Yulin 2021 da gwamnati ta takura wa cibiyoyin darasin bayan makaranta, wasu suka koma rajista da sunan wata sana'a.

Akwai kuma ƙaramin laifi da ake rainawa: rajistar masauki. Wanda bai sauka a otal ba dole ya yi rajista wurin 'yan sandan unguwa cikin awa 24. Tararta ba ta wuce yuan 2,000 ba, sau da yawa ma gargaɗi ne, amma tana shiga fayil.

Sagir:
Ni a ganina an tsawaita magana. Ya sabunta fasfo kawai. Sabon fasfo sabuwar lamba, babu hatimin sokewa a ciki, ya cike fom ya ce bai taɓa samun matsala ba. Wa zai bi diddigi?

Hajiya Rabi:
Ƙanena Sagir, don Allah kada ka ba kowa wannan shawarar. Ba lambar fasfo kaɗai ake dubawa ba. Suna da ranar haihuwa da hoton fuska da zanen yatsu duk suna nan. Japan tana ɗaukar zanen yatsun baƙi a filin jirgi tun Nuwamban 2007, Sin da Koriya da Tailan ma duk suna ɗauka. Wanda aka ci tara kuwa an riga an ɗauki nasa a ofishin 'yan sanda. Fom ɗin bizar Sin yana tambaya ƙarara ko ka taɓa zarce wa'adi ko yin aiki ba izini a ƙasar. In ya ce a'a na'ura ta ce e, laifinsa ya tashi daga na malamin da makaranta ta yaudara ya koma na mai yi wa hukuma ƙarya da gangan. Na farko yana da wa'adin ƙarewa kuma ana iya yi masa bayani. Na biyu ba shi da bayani.

Sagir:
Na ji wannan, Hajiya, a kan ƙasar da abin ya faru. Amma in Japan zai nema, me ya haɗa ta da fayil ɗin 'yan sandan Sin?

Malam Idi:
Sagir yana da rabin gaskiya a nan, ya kamata a ba shi ita. Bai kamata a tsorata mutane da cewa duniya duka na'ura ɗaya take dubawa ba. Tarar hukuma da aka ci mutum a Sin ba hukuncin kotu ba ce, kuma ba za ta fito a takardar shaidar rashin laifi ta ƙasarsa ta asali ba. Ƙasashen da aka san suna musayar zanen yatsu na masu neman biza a tsakaninsu su ne Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya da New Zealand.

Amma labari yana fita ta wasu hanyoyin. Hatimin sokewa a tsohon fasfo, wanda wasu ofisoshin ke cewa a kawo. Giɓin watanni a tarihin aiki. Sabuwar makaranta da ta kira tsohuwar. Sai kuma fom ɗin kansa. Fom ɗin bizar Japan ba Japan kaɗai yake tambaya ba, yana cewa ko an taɓa fitar da kai daga Japan ko wata ƙasa saboda zarce wa'adi ko karya doka. Wanda aka raka har jirgi amsarsa e ce, babu kwana-kwana. Wanda aka ba umarnin fita ya fita da kansa, shi ne ke da wurin tsayawa ya karanta kalmomin tambayar da kyau, kuma ko shi ɗin na fi son ya haɗa da gajeriyar wasiƙar bayani. In Japan ta ƙi ba ka biza, ba za ta karɓi sabuwar buƙata a kan manufa ɗaya ba sai bayan wata shida, ga shi makaranta ba za ta jira ba.

Nura:
Malam Idi, tunda ka shigo Japan, in a can ne laifin ya faru yaya lissafin yake?

Malam Idi:
Nasu a fili yake. Wanda ya zarce wa'adi ya kai kansa ofishin shige da fice da niyyar tafiya, bai taɓa yin irin wannan ba, babu wani laifin a kansa, ana iya ba shi umarnin fita, shukkoku meirei. Ba a tsare shi, ana ba shi wa'adin da bai wuce kwana 15 ba, haramcin shiga shekara 1. Wanda aka bi da shi ta hanyar kora shekara 5 ne, in ya maimaita 10. Wanda kotu ta ɗaure shekara ɗaya ko fiye, ko aka same shi da laifin ƙwaya, haramcinsa ba shi da ranar ƙarewa.

Inda malamai ke zamewa a Japan ba zarce wa'adi ba ne yawanci, rabe-raben izinin ne. Mai koyarwa a firamare ko sakandare yana da nasa rukunin, mai koyarwa a makarantar hira ta 'yan kasuwa, eikaiwa, yana ƙarƙashin rukunin ƙwararru a fannin al'adu da hulɗar ƙasashe. Mai ɗaya da ke son yin ɗan aiki a ɗayan sai ya nemi izinin aikin gefe tukuna. In ya bar aiki ko ya sauya, ya sanar da hukuma cikin kwana 14. In ya zauna wata uku ba ya aikin da aka ba shi izini dominsa kuma ba shi da hujja, ana iya soke izinin. Amma bizar ba ta makaranta ba ce, tasa ce, barin aiki bai kashe ta nan take. Wannan babban bambanci ne da Koriya.

Binta:
Koriya kam a ɗaure kake da mai makarantar. Da farko a sani, bizar E-2 ta koyar da Turanci ga masu fasfon ƙasashe bakwai ce: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu, sai wata 'yar ƙofa da aka buɗe wa malaman Indiya masu lasisi a makarantun gwamnati. Duk dillalin da ya ce zai samo wa mai wani fasfon aikin hagwon, wato makarantar darasi mai zaman kanta, to a kan wata bizar zai ɗora shi, kuma daga ranar farko malamin a cikin laifi yake.

Mai E-2 ɗin ma abu uku ke kayar da shi. Darasin gida na kuɗi, wanda haramun ne gare shi ko da yaro ɗaya ne. Aiki a wurin da ba a ƙara a rajistarsa ba. Sai barin aiki kafin kwantiragi ya ƙare ba tare da takardar sallama daga mai makarantar ba, domin in babu ita ba zai iya mayar da bizar ga sabuwar makaranta ba. Sauyin wurin aiki da sauyin adireshi duk ana sanar da su cikin kwana 15.

Hukuncin ma hawa-hawa ne kamar na Sin. Ana iya cin tara a bar mutum ya ci gaba da zama. Ana iya ba shi umarnin fita. Ana iya korarsa, kuma doka ta ba da damar hana wanda aka kora shiga har shekara 5. Wanda aka ba takardar kora yana da kwana 7 kacal ya shigar da ƙorafi ga Ministan Shari'a. Lambar 1345 ta hukumar shige da fice tana amsawa da Turanci, a fara da ita kafin a saurari mai makaranta.

Sagir:
To amma ai rashin adalci ne. Makaranta ce ta yi ƙarya, malamin bai san dokar ba. Babu inda za a duba wannan?

Binta:
Rashin adalci ne, Malam Sagir, kuma yana ci mini rai, domin makarantar tana biyan tararta ta ɗauki wani malamin a wata mai zuwa, shi kuwa an ɓata masa shekaru. Sai dai jami'in abin da zai tambaya shi ne: ka tsaya a aji ko ba ka tsaya ba, da wace biza? Yaudarar makaranta ba ta wanke laifin, amma tana iya rage nauyin hukuncin, ta sa a tsaya a tara ko umarnin fita. Wannan kuwa sai da shaida a hannu a ranar: kwantiragi, saƙonnin da aka ce masa "muna kan aikin takardunka", rasit na duk abin da ya miƙa, takardar albashi. Ya ajiye kwafinsu a wajen wayar da makaranta ta ba shi. Kuma kada ya sa hannu a bayanin da aka rubuta da harshen da bai iya ba sai an kawo tafinta an karanta masa, domin wannan bayanin ne za a riƙa buɗewa duk lokacin da ya sake neman biza.

Malam Habibu:
Ƙari a kan wannan: kada ya yarda da labarin da makaranta za ta tsara masa ya faɗa, irin su "ka ce ziyara ka zo" ko "ka ce ba a biyanka". 'Yan sanda suna da jadawalin darasi da hotunan talla da iyayen yara. Kuma fasfo ya zauna a hannunsa. In makaranta ta karɓa don kai wa ofis, ta ba shi rasit ɗin da ofishin ya bayar, a jikinsa akwai ranar karɓa.

Kabiru:
Ba a taɓo Tailan sosai ba, alhali nan ne waɗanda fasfonsu bai shiga jerin Koriya ba suka fi samun aiki, nan ne kuma aka fi sakaci. Tarar zarce wa'adi baht 500 ce a kowace rana, iyakarta 20,000. Saboda tarar tana tsayawa a kwana 40, wasu sai su ga ai babu bambanci tsakanin wata biyu da wata biyar. Akwai. Tun 20 ga Maris, 2016, wanda ya kai kansa bayan ya zarce kwana 90 haramcin shekara 1 ne, bayan shekara ɗaya 3, bayan shekara uku 5, bayan shekara biyar 10. Wanda aka kama kuwa, ko kwanakin kaɗan ne, shekara 5 ne, in ya wuce shekara ɗaya 10. Ga tsarewa a wurin ajiye baƙi har sai ya sayi tikitinsa da kuɗinsa. Mutum biyu masu kwana 60 iri ɗaya: ɗaya ya isa filin jirgi ya biya tara ya fita babu haramci, ɗayan an tare shi a hanya ya tafi da shekara 5.

Yadda malami ke zarcewa bai sani ba shi ne wannan. Ƙarin wa'adin da aka buga masa a kan bizar Non-B, wadda ake shiga Tailan da ita don aiki, saboda aikin aka ba shi. Ranar da aikin ya ƙare, ƙarin ya mutu, ko da hatimin fasfo yana nuna sauran wata bakwai. Dole ya je ofishin shige da fice da wasiƙar makaranta a ranar, a soke, in yana buƙata ya biya baht 1,900 a ba shi kwana 7. Wanda ya dogara da kwanan watan hatimi yana tara kwanakin laifi yana zaune a gida. Haka wanda ya fita hutu bai sayi izinin sake shiga ba, baht 1,000 na tafiya ɗaya, ya kashe ƙarin wa'adinsa da kansa a bakin iyaka.

Aiki ba izini kuma dokarsa daban: tarar baht 5,000 zuwa 50,000, fitarwa daga ƙasa, da hana izinin aiki na shekara 2.

Nura:
Malam Kabiru, makarantu da yawa suna cewa ka fara koyarwa, izini yana hanya. A ƙi ke nan?

Kabiru:
A doka babu wani "yana hanya". Na san makarantu suna matsawa saboda zango ya fara, kuma a Tailan sai an jira takardar Khurusapha, majalisar malamai, kafin izinin aiki ya fito. Amma jinkirin nasu ne, haɗarin naka. Mafi ƙarancin abin da za ka nema shi ne ka ga rasit ɗin shigar da takardu da idonka. Makarantar da ta kasa nuna rasit bayan mako biyu ba ta shigar da komai ba, ko kuma ba ta da ikon shigarwa.

Hajiya Rabi:
Ni ban yarda da "mafi ƙaranci" ba, Malam Kabiru. Rasit yana nuna makaranta tana da niyya, ba ya halatta tsayuwa a aji. A Sin ko kana da bizar Z a fasfo, aikin yana tsayawa ne a kan izinin aiki da katin zama. Wanda ya riga ya taɓa faɗawa sau ɗaya, irin wanda Malam Nura ya kawo misalinsa, ba shi da sauran rangwame. Ya jira takardu su fito ko da zai rasa albashin wata guda.

Kabiru:
A kan mai tsohon laifi na bi bayanki, Hajiya.

Malam Idi:
Malam Nura, ga abin da zan ce mutumin ya yi. Ya samo kwafin takardar hukuncin da rasit ɗin tarar, in ya baro su a can ya wakilta lauya a birnin ya karɓo. Tarar da ba a biya ba a biya ta, domin ita kaɗai tana iya tsayar da komai. Ya tabbatar tsohuwar makaranta ba ta bar wata buƙatar izinin aiki a buɗe da sunansa ba, saboda a Sin sabuwar ba za ta iya shigar da tata ba sai an soke waccan. In akwai haramci, ya ƙirga daga ranar da ya fita, ba daga ranar da aka kama shi ba, kuma kada ya gwada shiga da bizar yawo don ya ga ko an manta, domin mayar da shi daga filin jirgi wani sabon tabo ne da zai riƙa amsawa a fom.

Ya faɗa wa sabuwar makarantar gaskiya tun a hirar farko. Wadda za ta gudu gara ta gudu yanzu. Wasiƙar bayaninsa kada ta wuce shafi ɗaya: ranar shiga, irin bizar, abin da makaranta ta yi alkawari, hukuncin da aka yanke, ranar biyan tara, ranar fita. Ban da zagin makaranta, ban da roƙo. Takardar shaidar rashin laifi kuma ya bar ta sai ƙarshe, domin yawancin ofisoshin ba sa karɓar wadda ta wuce wata shida, ga lokacin da buga mata hatimin apostil, mai tabbatar da takarda don a karɓe ta a wata ƙasa, ke ci. Sin ta fara karɓar apostil tun 7 ga Nuwamba, 2023, amma daga ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kaɗai, sauran har yanzu sai sun bi ta ofishin jakadanci.

Binta:
In shekarun haramcin suna da yawa, ya nemi aiki na halal a wata ƙasar ya cika kwantiragi ɗaya ko biyu lafiya. Katin zama da aka sabunta ba matsala da wasiƙar yabo daga makaranta mai lasisi su ne abin da zai ɗora a kan tsohuwar takardar ranar da zai sake nema.

Nura:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe ga Malam Habibu: in takardar ta nuna qiansong chujing amma ba a rubuta yawan shekarun ba, ina ake tambaya?

Malam Habibu:
Sashen shige da fice na 'yan sandan birnin da ya yanke hukuncin, su ne suka shigar da shi. Ofishin jakadanci ba lallai ya faɗa masa ba. Lauya mai takardar wakilci ko ma'aikacin sabuwar makarantar ya je da kwafin fasfon da aka yi amfani da shi a lokacin, tsohon ba sabon ba, da lambar da ke saman takardar hukuncin.